Zumar da Na Hana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin lafiya da natsuwa, Ya tsare ki a hanyar da za ki kama, Ya kuma ba da sauƙi ga waɗanda za ki je jinya.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Na gwada yi miki maganar da baki sau uku cikin makon nan, sau ukun kuma na ɓuge da tambayar ko kin gama haɗa kaya. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da ilmin sinadarai, ban taɓa tsayawa gaban allo na rasa abin faɗa ba, amma a gabanki na rasa. Jibi jirgin ƙasa zai ɗauke ki zuwa asibitin da ake kai waɗanda yaƙi ya raunata da waɗanda yunwa ta kayar, ba kuwa wanda ya san ranar da za a ba ki hutu. Akwai abu guda da nake so ki yi kafin ki bar garin nan. Ba ni da ikon roƙonki shi sai na gaya miki gaskiyar yadda mahaifiyarki ta rasu, domin abin da kike riƙe da shi shekara biyun nan ba shi ne ya faru ba.

Zan jero miki kurakuraina yadda suka zo. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Na farko shi ne na bar ilmina a makaranta, na kawo doka gida. Ranar da aka tabbatar mahaifiyarki na da ciwon sukari, na tsaya a tsakar gida na lissafa mata: ba sukari, ba zuma, ba rake, ba dabino, ba mazarƙwaila, tuwo kuma sai a ƙaramar tasa. Ta ce, "Malam, sauran na gane, amma tuwo me ya yi? Ai ba shi da zaƙi." Na ce, "Haka likita ya ce." Iyakar amsar da na ba ta ke nan, ita da ba a maimaita mata magana sau biyu. Abin da nake koya wa ɗalibai cikin darasi ɗaya, ban taɓa zama na koya wa matar da ranta ya rataya a kansa ba.

Na san kin karanta waɗannan abubuwa a makarantar jinya. Duk da haka ki bar ni in rubuta su yadda ya kamata in faɗa mata.

Ki ɗauki carbi a hannunki. Ƙwaya guda ita ce gulukos, sukarin da ke yawo a cikin jini, wanda jiki ke ƙonawa ya sami ƙarfi. Garin gero da na dawa da shinkafa da rogo carbi ne mai tsawon gaske, ƙwayoyi ba iyaka a jere a zare ɗaya, shi ake kira sitaci. Ba ya zaƙi a harshe domin ƙwayoyin a ɗaure suke. Amma ki tauna lomar tuwo ba miya, ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji ɗan zaƙi ya fara fitowa. Miyau ne ya soma tsinka zaren. Hanji ya ƙarasa aikin a hankali, ƙwayoyin su yi ta shiga jini kaɗan-kaɗan. Sukarin kanti da na rake ƙwaya biyu ne kacal a haɗe, gulukos da ɗan'uwansa furuktos, tsinkawa ɗaya ta raba su. Ita kuwa zuma, ƙudan zuma sun riga sun yi mata wannan aiki, a warware take zuwa, dabino ma kusan haka. Shi ya sa lakata ɗaya ta zuma ke riga malmalar tuwo isa cikin jini. Dukansu kuwa asalinsu ɗaya. Ki ɗora sukari a cokali bisa wuta, tururin ruwa zai tashi, baƙin gawayi ya rage. Daga gawayi da ruwa Allah Ya gina abincin talikai.

Ga abin da ya fi kome muhimmanci. Hanta tana ajiye gulukos don gaba, tsoka ma haka, amma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata a sa'ar nan shi take ci a sa'ar nan. Yawan sukari yakan ɓata jiki a hankali. Ƙarancinsa yana iya kashe mutum tsakanin la'asar da magariba.

Da na gaya mata wannan, da ita kanta ta iya tsaya mini a ranar da na ɓata. Saboda haka, Uwani, duk majinyacin da za ki hana wani abu, ki gaya masa dalili cikin harshen da yake ji, ko da layi ya yi tsawo. Wanda aka ba doka ba dalili bai san ranar da ya kamata a karya dokar ba.

Na biyu ya shafi Mista Obi. Kina tuna shi, ma'aikacin asibitin nan ɗan Gabas da ke zuwa mana a kan keke daga Sabon Gari duk Asabar. Shi ya koya mini dafa sirinji da yin allurar insulin, wadda ke janye sukari daga jini zuwa cikin jiki, shi kuma ke ƙayyade yawanta. Yakan yi sallama daga zaure ya ce, "Hajiya, makon nan me kika sata?" Ta ce, "Kai Likita, ni ba ɓarauniya ba ce, ɗanɗanawa na yi." Ya ce, "Haka duk ɓarayin nan suke faɗa mini." Su yi ta dariya ina tsaye ina duba agogo.

Ba sau ɗaya ba ya ce mini, "Malam, a riƙa ƙulle mata ƙwayar sukari biyu a bakin zane. In ta fara gumi da rawar jiki, a ba ta, kada a tsaya tambaya." Nakan ce, "Na sani." Na kuwa sani, irin sanin da ake rubutawa a jarrabawa. A zuciyata ina ganin sakaci ne a sa sukari a jikin mai ciwon sukari, ban kuwa taɓa ƙulle mata ba.

Sai tarzoma ta tashi, aka yi wa mutanen Gabas abin da aka yi a garin nan. A kwanakin na rufe ƙofata a nan Ƙofar Na'isa, ban fita neman mutumin da ya shekara huɗu yana shiga gidana ba. Daga baya na ji ya samu ya shiga jirgi da iyalinsa. Ban san ko sun isa ba. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa a gaban Allah. Inda za ki je za a kawo miki mutanen ɓangarensa. Ki kama su da hannu biyu. Wataƙila ta hannunki wani abu ya ragu daga nauyin da ke kaina.

Bayan tafiyarsa ma'aikata suka yi ƙaranci a asibiti, mutum ya wuni a layi bai ga kowa ba. Na ce ai ni malamin sinadarai ne, me zai gagare ni? Na tanadi kwalbar gwaji da ƙaramar fitila da ruwan gwajin nan mai launin shuɗi. Kin san aikinsa. A ɗiga fitsari a ciki a dafa. In akwai gulukos, sai ya juya tagullar da ke narke a ruwan, launi ya koma kore, ko rawaya, ko ja kamar jar ƙasa. In babu, ya zauna shuɗi. Na ƙwallafa raina a kan shuɗin nan. Duk safiyar da na ga kore sai in ƙara allura kaɗan, har muka kai kullum shuɗi tas. Ina ɗaga kwalbar wajen haske ina jin na fi Mista Obi iyawa.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, shuɗin nan abu ɗaya kawai yake faɗa, wato sukari bai yi yawan da zai zubo a fitsari ba. Ba ya faɗin ko wanda ya rage a jini ya isa. Kwalbar mai lafiya da ta wadda jininta ya kusa ƙarewa da sukari launinsu ɗaya ne.

Ki dubi fuskar majinyaci kafin ki dubi kwalba. Ki taɓa goshinsa, ki saurari yadda maganarsa ke fita. Kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa, ki san wace ce ita, kada ki ɗora masa wadda ba a yi masa ba. In abu ya wuce saninki kuma, ki bi layin ki tambaya. Ni girman kai ne ya hana ni tsayawa a layi, ba tsawonsa ba.

Na uku shi ne wanda hannuna ke nauyin rubutawa.

Azumi ya zo. Limamin unguwa ya gaya mata shari'a ta ɗauke mata, ta ciyar kawai. Ta ce mini, "Malam, ban taɓa jin sauƙi irin na bana ba, kwalbarka ma shaida ce." Maganar ta yi mini daɗi, na bar ta ta ɗauka. Ban kuwa rage allurar ba. Ki duba wannan da kyau: na bar abin da ke janye sukari yadda yake, na kuma yarda a tsayar da abin da ke kawo shi tun daga asuba har faɗuwar rana. Da ɗalibi ne ya rubuta mini haka, da na ja masa jan layi.

Gwaggonki Kande, yayata, tana zuwa daga unguwar Jakara kullum da la'asar ta taya mahaifiyarki girkin buɗa baki. Ita ta lura. Sau uku tana ganin mahaifiyarki ta fara karkarwa a bakin murhu, sau ukun tana lakato zuma ta sa mata a baki, ta karya mata azumin da ƙarfi, tana cewa, "Allah bai ce ki kashe kanki ba." Kowane karo ta dawo hayyacinta kafin tukunya ta tafasa. Suka ɓoye mini, domin sun san halina. Ran nan ina neman ashana na ci karo da 'yar kwalbar zumar a bayan jeren kwalla.

Ni da ba a taɓa jin muryata daga zaure ba, ranar har maƙwabta sun ji ni.

Na ce, "Yaya, kashe ta kike so ki yi?"

Ta ce, "Sule, ni ban yi boko ba. Amma tun ba ka iya ɗaura wando ba nake dafa zuma ina yin alkaki da nakiya. Na san abin da take yi a tukunya, na san abin da take yi a jikin mutum. Matar nan in ta fara rawa, lakata ɗaya take nema ta dawo. Ga ta nan, tambaye ta."

Na ce, "Ba na tambayar mara lafiya abin da kwaɗayinta ke so."

Ta ce, "To malamin kwalba, Allah Ya ba kwalbarka ido."

Na tuttular da zumar a kwata suna kallo. Washegari mahaifiyarki ta sake ɗaukar azumi.

Kwana uku bayan haka, rana ta yi ƙasa, ana jiran kiran magariba. Mahaifiyarki tana dama kunun tsamiya sai ludayin ya suɓuce mata. Na fito na tarar da ita zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa mata wuya, hannuwanta na rawa, tana kirana da sunan wanta da ya daɗe da rasuwa. A lokacin idonta biyu, tana iya haɗiyewa. Ki riƙe wannan. Farantin dabinon da aka ajiye mini don buɗa baki yana kan tabarma, taku uku daga inda take. Yaya ta ɗauko guda, ta cire ƙwallon, ta murje shi da yatsu, ta kai bakin mahaifiyarki.

Na riƙe wuyan hannun Yaya.

Ta ce, "Sule, don girman Allah sake ni." Ban sake ba sai da dabinon ya faɗi. Na riga na gama yanke wa kaina cewa zumar kwanakin baya ce ta taru ta hau mata. Na shiga ɗaki na dafa sirinji, na fito na ƙara mata allura.

Ko da aka kira salla, ana kiran sunanta ba ta amsawa. Muka kai ta asibiti. Likitan da ke aiki ya dube ta sau ɗaya, ya sa aka ɗura mata gulukos ta jijiya, ainihin abin da ke cikin dabinon da na kaɓar. Ya tambaye ni tun yaushe ta fara, na faɗa. Ya ce, "Ba wanda ya ba ta wani abu mai zaƙi?" Yaya tana tsaye kusa da ni. Ta sunkuyar da kai, ba ta tona ni ba. Mahaifiyarki ta kwana biyu ba ta farka ba, a na uku Allah Ya karɓi abinsa. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma sanadi ana tambayar mai shi, sanadin kuwa ni ne.

Ga abin da na saya da wannan tsada, ki karɓa kyauta. Mai allurar insulin in ya fara gumi da rawa da ruɗewar magana, kuma ba ki da tabbacin hawa ne ko sauka, ki ba shi zaƙi. In hawa ne, cokali ɗaya ba zai ƙara masa wani abin kirki ba. In sauka ne, cokalin nan ransa ne. In ya riga ya suma, kada ki ɗura masa ruwa ya shaƙe, ki shafa masa zuma a cikin kumatu, ki nemi likita da gudu. Yaron da yunwa ta cinye ma, in kin ga jikinsa ya yi sanyi yana lumshe ido, ki tuna ba shi da sauran ajiya a hanta. Kunu mai ruwa-ruwa da ɗan sukari, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Kuma in tsohuwar da ta kwana ta wuni da majinyaci ta gaya miki abin da ta gani, ki saurare ta har ta gama. Ba lalle bayaninta ya zama daidai ba, amma abin da idonta ya gani ya faru.

Na huɗu ya fi na ukun muni, domin na ukun cikin sa'a guda na yi shi, shi kuwa wannan kullum nake sabunta shi.

Kin iso daga makaranta ranar sadakar uku. Matan unguwa sun ji ihun da na yi a kan zuma, ba su ga abin da ya biyo baya ba, sai magana ta bazu cewa zumar Kande ce ta kashe ta. Kika same ni a zaure bayan mutane sun watse, kika durƙusa kika ce, "Baba, da gaske Gwaggo ta ba Inna zuma?" Na ce, "Ta ba ta." Na tsaya nan. Na ga abin da fuskarki ta yi, na kuma bar ki kika tashi da shi.

Tun daga ranar ba ki sake taka Jakara ba. Alkakin da ta aiko miki da Salla kin mayar da shi a rufe. A wajen sunan gidan kawunki ta gaishe ki, kika amsa kina kallon bango. Wannan ita ce matar da ta goye ki wata shida lokacin da mahaifiyarki ke kwance, wadda ta tauna dabino ta shafa miki a dasashi ranar da aka haife ki.

Sau ɗaya na je wurinta na ce zan faɗa miki. Tana zaune tana murza alkaki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Bar shi, Sule. Yarinya ta rasa uwa. In ka faɗa mata ta rasa uba. Ni gwaggo ce, ana rayuwa ba gwaggo." Na karɓi maganarta, na gaya wa kaina biyayya nake wa babbar yaya. Ba biyayya ba ce. Tsoron idonki nake ji.

Kada ki bar wani ya ɗauki laifinki don ya yi shiru, Uwani. A aikin da za ki shiga za ki yi kuskure, ba makawa, wani ma zai yi tsada. Ki faɗe shi a ranar, da bakinki, ga wanda ya kamata ya ji. Ni na jinkirta kwana ɗaya, kwanan ya zama shekara biyu.

Yanzu ga roƙona. Yaya ta tsufa ƙwarai cikin shekarun nan, ƙafafunta sun kumbura, idonta ya fara dushewa. Ba ni da tabbacin za ki dawo ki same ta. Gobe ce kaɗai ta rage miki. Ki je Jakara. Ba ta san na rubuta wannan ba, za ta kuma yi mini faɗa, ki bar ta ta yi.

Tare da takardar nan za ki ga 'yar kwalba a naɗe cikin ƙyalle. Ita ce wadda na tuttular. Na ɗauke ta daga bakin kwata, na wanke, tana cikin akwatina tun lokacin. Jiya na shiga kasuwar Kurmi na sa aka cika ta da zuma. Ba ni da fuskar ba ki ita da hannuna, ba ni kuma da fuskar mayar wa mai ita. Ki kai mata. In ta ga dama, ita za ta sa miki a jaka, ki tafi da ita inda za ta yi amfani.

Game da ni, ban sa miki sharaɗi ba, ban kuma nemi ki yafe mini kafin jirgi ya tashi ba. Gobe da hantsi ina zaure. In kin zo wucewa kin tsaya, na gode wa Allah. In kin wuce ba ki dube ni ba, ba zan kira ki ba, muddin dai kwalbar tana hannunki.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya saka wa Yaya da abin da ni ba zan iya ba. Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga harsashi da cuta da mugun ji da mugun gani, Ya sa albarka a hannunki, Ya kashe wutar nan da ke cin ƙasarmu, Ya dawo da ke garinku da ƙafafunki. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sulaimanu